Faifan Malam Hamidu Mai Tsalle

Ku da kuke zaune a bakin tasha kuna tura wa mutane waƙa a waya, na sha jin kuna cewa aikinmu na da ba aiki ba ne, wai danna maɓalli ne kawai a koma gefe ana kaɗa ƙafa. Ban ji haushinku ba. Ni ne Inuwa mai faifai na nan Azare. Bokona bai wuce firamare ba, ita ma a Hardawa na yi ta, saboda haka kada ku jira dogon Turanci daga bakina. Yadda aikin yake zan faɗa muku, da labarin wani faifai guda ɗaya da ya hana ni sukuni kusan rabin shekara.

Aikin farko da maigidana Baba Kyari ya ba ni shi ne goge faifan garmaho. Baba Kyari Babarbare ne, iyayensa ne suka zo daga Borno, shi kuwa a nan aka haife shi. Gyaran rediyo yake yi, kuma a wancan lokaci shi kaɗai ne a garin nan yake da faifan kiɗan Turawa, irin na masu jita da ganga, waɗanda aka yi yayinsu tun ban yi wayo ba. Ranar da na fara zuwa ya miƙo mini faifai, na sa yatsu biyar na damƙe. Ya doke mini hannu, ya ce, "Kai, gurasa na ba ka?" Gefe da gefe ake riƙewa, da tafin hannu, yatsa ba ya taɓa layukan. In za a goge, da tsumma mai laushi ake bin layin a zagaye, ba a ratsa shi. Wata uku na yi ina goge-goge kafin ya yarda in ɗora allura da hannuna.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne tsoron zafi. Faifai ba ya kwana a kwance, a tsaye ake jera shi, kuma ba a jingina shi da bangon da rana take duka. Shagonmu rufin kwano ne, don haka akwatunan suna ƙasa, kusa da randa, inda ƙasa take da ɗan sanyi. In bazara ta yi tsanani sai mu jiƙa buhu mu rufa musu. Baba Kyari yakan ce wuta da ɓarawo ba su kai rana ɓarna a wannan sana'a ba. Na riƙe maganar har ta yi mini yawa. Ko yanzu in ina masallacin Juma'a na ji rana ta buɗe, sai na tuna ko na ja labulen taga.

Mutane kaɗan ne suke da garmaho a gida, don haka yawancin aikinmu ɗaukar faifai ne a kan kaset. Kaset mai minti sittin, kowane gefe yakan ɗauki gefe ɗaya na faifai. Sai ka goge kan dek, wato injin kaset, da auduga da sifirit, ka saki allura, ka zuba wa ma'aunin sauti ido kada ya shiga ja. Ba ka tashi. In aka ɗauke wuta saura minti biyu a gama, daga farko za a koma. In babbar mota ta wuce ta girgiza shago allura ta zame, daga farko. In kaset ya tsinke, reza da ɗan salatif ne maganinsa, a yanka a karkace a haɗa baki da baki. Biro kuma ba don rubutu kawai muke ajiye shi ba, da shi ake naɗe zare.

Baba Kyari yana da wata doka. Duk faifan da ya shigo shagon, namu ne ko na wani, in dai mai shi ya yarda, sai an ɗauki kaset ɗaya an ajiye. Shi muke kira uwa. Sai a karya kunnuwanta biyu na sama yadda ba za a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kanta ba, a rubuta suna a jiki. Daga uwa ake yi wa masu saye kwafi, saboda duk zagayen da allura ta yi a kan faifai tana cin wani abu daga jikinsa. Ni kuma na ƙara tawa dokar. Duk kaset ɗin da na ga yana da wani aibi, ko yana jan murya, ko an taɓa haɗa shi, ko dai wani abu bai yi mini ba, sai in ɗiga masa jan man farce in jefa shi wani kwali daban a ƙarƙashin benci. Baba Kyari yana kiran kwalin asibitin Inuwa.

Masu sayenmu malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da direbobin tanka, da tsofaffin sojoji. Akwai wani Alhaji mai shagon atamfa da yakan tsaya a ƙofa ya ɗaga murya ya ce, "A ba ni wa'azin nan na jiya," sannan ya sunkuyo ya ce a hankali, "ka haɗa mini da na mai jitan nan." Amma masu tara faifan kansa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma babbansu shi ne Malam Hamidu.

Malam Hamidu Bafulatani ne, hedimasta, gidansa yana can Katagum. Tun yana kwalejin horon malamai ya fara tarawa, lokacin da wani Bature malaminsu zai koma ƙasarsu ya bar masa 'yan guda goma sha biyu. Daga nan duk inda aka tura shi kwas, Kaduna ko Jos, da faifai yake dawowa. In ya shigo Azare ranar kasuwa, tun daga nesa za ka ji shi.

"Ina bawana? Kyari, fito ka karɓi jakar ubangidanka."

"Ga ubangidanka nan zaune, Bafulatani. Wace saniyar ka sayar yau ka zo sayen kukan Turawa?"

Haka za su yi ta wasan Fulani da Barebari har a kawo shayi, sannan a ɗora faifai, su yi tsit kamar ba su ba.

Wata rana ya zo da wani faifai yana so a ɗaukar masa a kaset don ya riƙa ji a mota. Ni sunayen Turancin nan ba sa zama mini a ka, da hoton jakar kwalin da ake saka shi nake gane faifai. Wannan yana da hoton wata tsohuwar mota koriya a bakin teku, da mutum uku jingine da ita, sai na sa masa Mai Koriyar Mota. Gefen farko ya tafi lafiya. A gefe na biyu, waƙa ta uku, mawaƙin yana tsakiyar jan murya sai na ji tas, allura ta yi tsalle, ta faɗa gaba, rabin maganarsa ya ɓace. Na tsayar, na goge, na sake. Tas. Na canja allura. Tas, a daidai wurin. Har na ɗora kwabo a kan hannun garmaho don ya ƙara nauyi, Baba Kyari ya gani ya ce in na sake sai ya ɗora mini dutse a ka in ji in da daɗi. Da Malam Hamidu ya dawo daga kasuwa na ce masa, "Malam, faifan nan yana da rauni, aikin bai fita ba. Ba zan iya ba ka shi a haka ba." Ya yi dariya ya ce, "Ba ni a hakan, Inuwa." Ya karɓi nasa ya tafi. Uwar kuwa, tunda ba zan iya sayar wa kowa kwafi mai tsalle ba, na ɗiga mata ja na jefa asibiti, na manta da ita.

Baba Kyari ya rasu ya bar mini shagon, Allah ya jiƙansa. Ba a daɗe da shiga shekarun dubu biyu ba sai ga ƙaramin faifan nan mai ƙyalli da ake kira sidi. Kamfanonin Turai suka shiga fito da tsofaffin waƙoƙin nan a kansa, sabon bugu, an tace sautin, wani lokaci har da ƙarin waƙa biyu ko uku da babu su a na asali. Nakan je Sabon Gari a Kano wajen wani ɗan kasuwa, Oga Chidi, wanda ƙaninsa yake aiko masa da su daga waje ta Legas. A wajensa na koyi bambanta na gaske da jabu. Na gaske yana da ɗan littafi a ciki, takarda mai kauri, rubutu ba ya dusashewa. In ka juya shi a haske akwai lamba ƙanana a zoben tsakiya. Jabu kuwa hotonsa kamar an wanke shi da ruwa, bayansa yana ɗaukar kore ko shuɗi. Nakan duba guda ɗaya sau uku, in fita, in dawo in sake dubawa. Shi ya sa Oga Chidi ya sa mini suna Malam Wahala.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Jabu ya cika gari, ana tura shi a baro, sidi ɗaya ɗauke da duk waƙoƙin da mawaƙi ya yi a rayuwarsa, kuma ya fi kaset da ba komai a kai araha. Babu mai zuwa a ɗaukar masa faifai. Sai in wuni daga safe har la'asar ba wanda ya yi sallama sai mai neman batir. Abin da yake tafiya a kaset a lokacin wa'azi ne da waƙoƙin fim na Hausa, domin mutanen ƙauye suna nan da rediyoyinsu. Ga iyali, ga uwaye akwati uku a ajiye, kaset masu kyau irin na da. Na ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, na cusa takarda a ramin kunnuwan da muka karya, na ɗauki wa'azi a kansu. Kowace sai na saurare ta daga farko har ƙarshe kafin in danna jan maɓalli, abin da ya sa aikin mako biyu ya ci mini wata biyu. Wasu faifansu na asali sun daɗe da barin garin tare da masu su. Akwai rubutun Baba Kyari a jikin da yawa, na liƙa sabuwar takarda a kai.

Bayan daminar da ta biyo, wata safiya wata mata ta yi sallama a ƙofar shago da babbar jakar matafiya. Ta ce ita ce Hajiya Rakiya, 'yar Malam Hamidu ta fari. Na san ya yi ritaya, na kuma ji ciwon suga ya taɓa masa ido har ba ya fita, amma na kwana biyu ban je gaishe shi ba. Ta buɗe jakar. Na leƙa, sai na ce innalillahi.

Faifai ne kusan hamsin, kowanne ya lanƙwashe. Wani ya yi kamar kwanon da mota ta taka, wani gefensa ya yi tudu da kwari.

"Hajiya, gobara aka yi?"

"Ba gobara ba ce, Malam Inuwa, ni ce. Rufin ɗakin Baba ne ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa littattafansa da rigunansa. Da rana ta fito na kwashe komai na shanya a tsakar gida. Na ga jakunkunan waɗannan ma sun yi danshi, sai na zare su ɗaya bayan ɗaya na jera a tabarma don su bushe da kyau."

"Tun yaushe zuwa yaushe?"

"Tun hantsi. Sai la'asar na je kwashewa."

Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan haka aka koya masa, abin da ya jiƙe rana ake ba shi, hatsi ne ko katifa ko littafi. Na tambaye ta ko Malam ya sani. Ta ce ya sani, da hannunsa ya shafa su ɗaya bayan ɗaya.

"Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Cewa kawai ya yi Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma tun ranar abinci sai an yi da gaske yake taɓawa, hira ma ya daina. Jiya ne ya ce in kawo maka, wai ko sauran ba su gyaru ba, ka duba masa mai hoton mota. Don Allah, Malam Inuwa, ko nawa ne."

Na ce mata ba maganar ko nawa ba ce, zan gwada.

Akwai dabarar da Baba Kyari ya taɓa nuna mini. A sa faifai tsakanin gilashi biyu masu kauri, a ba shi ranar safe ta ɗan lokaci kaɗan har ya yi ɗumi, sannan a shigar da shi inuwa a danne da nauyi mako guda. Ban fara da Mai Koriyar Mota ba, sai da na gwada a kan guda shida. Biyu sun dawo har ana iya saurare. Da na zo kansa na tsaya da agogo a hannu, ina taɓa gilashin da bayan yatsa kamar mai duba zazzaɓin jariri. Bayan mako guda na ɗaga, ya miƙe sumul. Na ɗora allura. Hannun garmaho ya tafi daidai, amma muryar tana hawa tana sauka kamar kwalekwale a kogin Katagum. Layukan ne suka narke, kuma wannan ba shi da magani.

Sai na ɗauki jakar faifan, na sa ta tsakanin kwali biyu, na ɗora a cinya tun daga Azare har Kano wajen Oga Chidi, ban yarda an sa ta a but ba.

"Malam Wahala! Yau kuma wane aibi ka gano mini?"

Na nuna masa. Ya juya jakar ya karanta, ya ce an sake buga shi a sidi, amma ba irin wanda ake nema ba ne, sai dai ƙaninsa ya nemo a can. Na ce na gaske nake so. Ya ce, "Na sani. In na ba ka jabu ai kwana za ka yi a ƙofar shagona." Na kwafe masa lambar da ke gefen jakar, harafi bayan harafi, na sa ya karanta mini na gwada da tawa, sannan na dawo da jakar gida.

Wata uku ana jira. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da zuwa ba, sai in je wajen masu sayar da kira a ƙarƙashin laima a bakin titi in buga masa duk Litinin, har ya ce in na ƙara bugowa kafin kaya su iso zai canja lamba. Daga Katagum kuma saƙo yana zuwa ta hannun direbobi cewa jikin Malam sai a hankali. Kullum tunanina ɗaya ne, kada kaya su iso bayan mai su.

Da sidin ya iso na duba ledar, na duba littafin, na duba zoben tsakiya. Na gaske ne, ga motar nan koriya an ƙanƙanta ta. Washegari na ɗauki na'urar sidi mai batir na hau motar Katagum. Na sami Malam Hamidu a zaure, a kishingiɗe kan darduma, ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

"Wa nake ji? Yaron bawana ne?"

"Ni ne, Malam. Ya jiki?"

"Jiki ya gode Allah. Me ka kawo mini?"

Na sa masa akwatin sidin a hannu, ya shafa, ya buɗe ɗan littafin ya shinshina. Na kunna. Hajiya Rakiya tana tsaye daga bakin ƙofar cikin gida. Sauti ya fito tas, ko ni ban taɓa jin jitar nan a fili haka ba. Malam yana kaɗa yatsun ƙafa, na ce a raina an gama. Waƙa ta bi waƙa har aka zo ta ukun gefe na biyu. Sai na ga ya gyara zama, ya ɗaga ɗan yatsa sama yana jira. Mawaƙin ya ja muryarsa, ya ƙarasa maganarsa cif, ya wuce. Yatsan ya daɗe a sama kafin ya sauke shi.

"Kashe, Inuwa. Wannan ba nawa ba ne."

"Malam, shi ne. Lambar ma ɗaya ce, na gwada sau uku. Na gaske ne, daga waje aka kawo."

"Ban ce jabu ba ne. Waƙar ce, mutanen ne. Sun wanke shi ne kawai, sun wanke har da abin da ba su sani ba. Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka."

Na tambayi kaset ɗin da na taɓa ɗaukar masa. Ya ce rediyon mota ta cinye shi tun tuni. Sai ya juyo da fuskarsa wajena.

"Amma ai bawana ba ya barin faifai ya fita bai ajiye uwa ba."

Da zan iya ƙarya da ranar na yi. Na ce, "Malam, uwayen nan na goge su bara. Wa'azi na ɗauka a kansu na sayar."

"Duka?"

"Akwati ukun duka."

Ya jinjina kai. "To, Allah ya sa wa'azin ya shiga kunnen masu shi." Ya koma ya kishingiɗa. Da na waiwaya babu Hajiya Rakiya a bakin ƙofa.

A mota muna dawowa, wata mata da ke kusa da ni ta miƙa wa kwandasta kuɗi, na ga jan farce a hannunta. Nan take na tuna asibiti. A shekarar da na goge uwaye ban taɓa kwalin nan ba. Ba don na tuna abin da ke ciki ba ne. Na manta aibin kowanne ne, kuma na ji tsoron in ɗauki wa'azi a kan kaset mai cuta in sayar wa bawan Allah ya je ya cinye masa rediyo.

Da safe na jawo kwalin daga ƙarƙashin benci. Kaset sun fi sittin, kyankyasai sun cinye takardun jikinsu, babu sunan da ya rage. Tsohon kaset da ya daɗe a ajiye ba a jefa shi a dek haka kawai, zaren yakan manne, in inji ya fizga sai ya tsinke. Dole kowanne in sa biro in naɗe shi da hannu daga farko zuwa ƙarshe, in dawo da shi, sannan in saurara. Hannuna ya yi kanta. A rana ta uku, wajen azahar, na ji jitar farko ta Mai Koriyar Mota, a dusashe kamar daga cikin rijiya. Ɗan soson da yake danna zare a kan inji ne ya faɗi. Na kwance ƙusoshi biyar, na ɗauke zaren na mayar cikin sabon gida. Na juya gefe na biyu. Waƙa ta uku. Tas.

Ban taɓa jin daɗin aibi ba sai ranar. Kafin in motsa da uwar ko'ina sai da na yi kwafi biyu.

Na koma Katagum ranar Alhamis da rediyo mai kaset. Ban yi dogon bayani ba, na ce, "Malam, akwai wani abu, ban sani ba ko shi ne." Na fara daga gefe na biyu. Kafin kiɗa ya shigo akwai ɗan ƙaras-ƙaras ɗin nan da allura take yi a bakin faifai. Yana jinsa ya tashi zaune.

"Yawwa. Ga yayyafin nan. Rakiya! Zo ki zauna."

Ta zo ta durƙusa a gefen darduma. Waƙa ta ɗaya, ta biyu. Da aka shiga ta uku ya ɗaga yatsa. Mawaƙin ya fara jan murya, yatsan ya sauko, tas ɗin ya zo tare da shi, ko ƙiftawa babu tsakani.

"Kin ji ki?"

"Ni, Baba?"

"Ke mana. Muna Shira lokacin, gidan malamai. Garmaho yana kan ɗan tebur, ke kina rarrafe. Sai kika kama ƙafar teburin kika miƙe tsaye, karon farko a duniya. Tebur ya girgiza, allura ta ja. Ni na yi kan faifai, uwarki ta yi kanki tana guɗa, tana ce mini, 'Malam, bar baƙin abin nan ka dubi 'yarka!' Allah ya jiƙanta, ta fi ni gaskiya." Ya lalubo kanta ya dafa. "Sau biyu ke nan kina taɓa mini faifan nan. Na farkon ya fi kyau, amma na yafe duka."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa ya ce a kawo fura, wai baƙo ya zo tun daga Azare an bar shi da yunwa kamar gidan Barebari. Da aka kawo shi ya fara sha. Ya ajiye ludayi ya ce, "Inuwa, mayar da shi baya kaɗan." Na mayar. Sau huɗu muka ji wurin kafin la'asar.

Uwar da kwafi ɗaya na bar musu. Sidin ya ce in tafi da shi, ba shi da abin yi da shi. Ya ƙara shekara biyu a duniya, kuma Hajiya Rakiya ta ce mini har kwafin ya fara jan murya saboda yawan ji.

Ɗaya kwafin yana nan a shagona, kusa da randa. Dek ɗina bel ɗinsa ya tsinke shekarun baya, na nema har Kano ban samu irinsa ba, saboda haka ban san ko zaren yana da rai ba. Kwanan baya ɗaya daga cikinku ya ga jakar mai hoton mota, ya karanta sunan, ya lalubo mini waƙar a wayarsa kafin in gama gyara zama. Na gode masa, sauti ya fita, babu yayyafi, babu komai. Muna cikin ji ya dube ni ya ce, "Baba, lafiya ka ɗaga yatsa?"